Littattafanka Ashirin da Huɗu, Yaya Kyari

Zuwa ga yayana, Malam Kyari,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin rahamar Ubangiji, makwancinka da haske da yalwa. Ni ce Bintu, autarku. Na san ba karantawa za ka yi ba. Jikata ta ce in na gama za ta sa a waya mutane su gani, to su gani, amma da kai nake.

Na gaji, Yaya. Da wannan zan fara, don ba ni da wanda zan faɗa wa haka bai ce in sha magani ba. Gwiwoyina sun gaji, idanuna sun gaji, kuma na gaji da littattafanka. Kada ka ji haushi. Shekara arba'in da ɗoriya ina gadinsu, ai na ci a bar ni in yi mita.

Ka tuna yadda suka fara shigowa gidanmu? Baba bai daɗe da rasuwa ba, kai kana kwalejin horon malamai, ka zo hutu. Baban Ngozi, akawun nan ɗan Kudu da ke haya a bayan gidanmu, aka yi masa canjin wurin aiki. Matarsa tana haɗa kaya ta miƙo maka littattafai uku ta kan katanga, ta ce yaranta sun girme su. Ni a lokacin ban wuce shekara bakwai ba, amma ina ganin fuskarka har yau. Ko ranar da ka karɓi albashin farko ba ka yi irin wannan murna ba.

Labaran yaran Turawa ne waɗanda ba su da aikin yi a lokacin hutu sai bin sawun ɓarayi. Su leƙa kangon gida, su tsinci maɓalli, su kama ƙato da gemunsa. Bayan la'asar kakan zauna a kan turmi a tsakar gida kana karantawa kana juya mana da Hausa, in ka ga Inna ba ta gane ba sai ka ƙara mata da Barbarci. Ita kuwa tana tsintar wake, kullum tambayarta ɗaya: "Su waɗannan yaran ba su da iyaye ne?" Kuma ba ta taɓa tashi kafin ka rufe littafin ba.

Muguntarka ma ban manta ba. Sai an zo daidai inda za a buɗe ƙofa a ga ɓarawon, sai ka sa tsinken tsintsiya a shafin ka ce, "Bintu, randa ba ruwa." Na ɗebo ruwa da hawaye ya fi a ƙirga.

Da ka fara koyarwa a firamare sai abin ya zama ciwo. Ba direban babbar motar da ke zuwa Jos ko Kano da bai san ka ba. Kakan rubuta musu a guntuwar takarda, su cusa a aljihu su manta, ko su kawo abin da suka ga dama. Wani ya taɓa kawo maka littafin kiwon kaji, ka yi masa godiya har da raka shi bakin titi. A hannunsu ka samo wasu na daban, masu bango mai tauri da hoton mutane na gaske, waɗanda ka ce daga wasan talabijin aka ɗauko labarinsu. A duk unguwarmu ba wanda ya taɓa ganin talabijin. Inna ta tambaye ka mene ne shi, ka ce, "Rediyo ne mai taga." Ka san sunan kowane ɗan wasa da irin hular da yake sawa, amma har ka bar duniya ba ka ga ɗayansu ya motsa ba.

Kowanne ya shigo sai ka yanko filasta ka manna a gadon bayansa, ka rubuta lamba da jan biro. Ba lambar masu bugawa ba, taka ce, bisa yadda suka zo hannunka. Na shekarar da aka koma naira shi ne na goma sha shida. A gefen shafuka kuma ka bi kalmomi masu wuya ka rubuta ma'anarsu da fensir, saboda ni, don ka ce Turancina na tafiya da sanda. Sun kai ashirin da huɗu a bazarar da sanƙarau ya shigo gari. Kwana huɗu ka yi.

Abin da ya biyo baya ba ka sani ba, shi ya sa nake rubutowa.

Bayan sadakar arba'in limamin unguwa ya zo rabon gado. Ba ka yi aure ba, saboda haka mu huɗu ne: Inna, da Yaya Modu, da Yaya Falmata da ta zo daga Gadaka, da ni. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, mu mata muna daga ciki bayan asabari. Keke da rediyo da riguna duk aka san yadda aka yi da su. Da aka zo kan littattafai Liman ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi, wannan lissafi bai bar saura ba." Sudusin Inna huɗu. Yaya Modu goma. Ni da Yaya Falmata biyar-biyar.

Ya riƙa ɗauka yana ajiyewa kashi-kashi kamar mai raba goron ɗaurin aure, bai ko kalli jan biron ba. Ba laifinsa ba ne, abin da shari'a ta ce shi ya yi, kuma ya yi daidai. Na biyu ya faɗo mini, da na takwas, da na sha uku, da na sha tara, da na ashirin da uku. Na sha ɗaya da na sha biyu, waɗanda labari ɗaya ne aka raba biyu, farkon ya tafi Gadaka, ƙarshen ya bi Yaya Modu.

Laifin nawa ne, Yaya. Da na buɗe baki na ce a bar mini su a ba su rigunan, wallahi ba wanda zai hana. Yaya Modu tun yana yaro shanu ya sa a gaba, Yaya Falmata ba ta yi boko ba. Amma ka san yadda abin yake. Yarinya 'yar shekara sha tara ta yi magana daga bayan asabari ranar rabo, ta ce ga abin da take so a kayan mamaci? Kafin magariba an kai labari har Ngojin cewa autar Inna ta sa ido a kan gadon wanta. Na danne bakina da mayafi. Shirun da bai kai minti ɗaya ba, shi na yi ta biya har na tsufa.

Na Gadaka na fara bi, bayan shekara guda, a bayan motar 'yan kasuwa. Yaya Falmata ta yi dariya har ta riƙe ciki da ta ji abin da ya kawo ni. Uku suna cikin kwallarta lafiya lau, sai ƙanshin daddawa. Ɗaya gara ta ci shi daga baya har tsakiya. Na sha bakwai kuwa mijinta ya yage bangon ya kafa a shagonsa na ɗinki, don mutumin da ke jiki ya sa kwat mai kyau, masu kawo ɗinki suna nunawa su ce irin wannan. Cikin littafin ya tafi wajen mai ƙosai. Na ɓamɓaro bangon da hannuna, da ramukan ƙusa huɗu a jikinsa. Na dawo ina kuka a mota, wata mata ta yi ta ba ni haƙuri tana zaton mijina ne ya kore ni.

Na Inna ban ko tambaya ba. Ta naɗe su a tsohon ɗankwalinta ta sa a ƙasan adaka tare da turaren wuta. Ita da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, takan fito da su ranar Juma'a ta shafa bangon ta mayar. Shekara biyu ta yi bayanka. Kuma ka san me ya faru? Liman ɗin nan ya dawo, aka sake shimfiɗa tabarmar nan. Huɗun Inna, biyu na Yaya Modu, ɗaya na Yaya Falmata, ɗaya nawa. Lissafi bai bar saura ba. A wannan karon na kama na Yaya Falmata tun kafin ta sa a jaka, ta ce in ɗauka, ita ta gaji da haukata.

Sai Yaya Modu, da sha biyu a hannunsa. Ka fi ni sanin taurin kansa, ku da kuka shekara ba ku gaisa sosai ba a kan maganar gonar Baba. Na je na durƙusa na roƙe shi. Ya ce, "Gado ne, haƙƙina ne." Na ce ba karantawa yake yi ba. Ya ce shi ma ya sani. Na yi fushi na ɗauke ƙafa daga gidansa wata bakwai.

Da ƙaramar salla mijina ya matsa mini na je gaisuwa. Zan tafi sai ya shiga ɗaki ya fito da guda ɗaya, ya ajiye a kan tabarma bai kalle ni ba, ya ce, "Ga goron sallarki." Da babbar salla ya ƙara ɗaya. Haka muka yi shekara shida, salla-salla, ban taɓa fashi ba ko ina da tsohon ciki. Na zage shi a zuciyata iya zagi. Sai ranar da ya ba ni na ƙarshe ya ce, "To, yanzu kuma me zai kawo ki?" Na ci gaba da zuwa har ya rasu, Yaya, kada ka damu. Kuma duk sha biyun ba wanda ko kusurwarsa ta lanƙwashe, a cikin leda ya ajiye su tare da takardun shanunsa.

Tun daga nan suke jere a kabad ɗina, ɗaya zuwa ashirin da huɗu, bangon na sha bakwai yana tsaye a gurbinsa. Na yi yaƙi da gara, na yi da ɓera, na yi da yoyon kwano, na yi da 'ya'yana da ke son yanke hotuna. Duk bazara in fito da su in shanya in kakkaɓe. Talabijin ta shigo gari, ta shigo ɗakina, ta tsufa aka jefar, ban taɓa cin karo da mutanen nan naka a cikinta ba. Yanzu ko fensirinka ba na iya gani sai da tabarau biyu.

Watan jiya na kwanta ciwo sosai, har aka kira yara. Da na samu sauƙi ina kwance da rana ina kallon kabad ɗin, sai na kama lissafi. Mijina ya riga ni gidan gaskiya. 'Ya'yana maza uku, mata biyu. Shida-shida, uku-uku. Ashirin da huɗu cif. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, sannan na yi kuka. Ɗaya yana Abuja, ɗaya Maiduguri, ɗaya ma ba ya ƙasar. Kuma yaran kirki ne, za su karɓa da ladabi, ba wanda zai buɗe baki.

Na aika aka tambayo mini malami. Ya ce abin da na bari dole a raba shi, amma abin da na kyautar da raina ya fita daga gado. Sharaɗin ɗaya ne, wanda aka bai wa ya karɓa ya tafi da shi. Ba a kyauta abu yana zaune a kabad ɗin mai shi. Wato in ina so su zauna tare, sai dai su zauna ba tare da ni ba.

Na zaɓi Amina, jikar Yaya Modu, da ke koyarwa a firamare a Nangere. Ba ta san ka ba sai a hoto. Amma ita kaɗai ce in ta zo gaishe ni take wanke hannu kafin ta taɓa su, kuma na taɓa kama ta tana dariya ita kaɗai a kan wata fassara da ka yi a gefen shafi. Ranar Asabar ta zo da kwalin taliya, na kira maƙwabta biyu su shaida, na faɗa da bakina cewa na ba ta duka.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun da safe na zare na ɗaya, wanda ya fara tsallako katanga, na tura ƙarƙashin matashi. Na ce guda ɗaya dai, ai na cancanta. Amina ba ta ƙirga ba, kunya ta hana ta. Ta ɗaure kwalin, ta durƙusa ta yi godiya, ta fita. Ina zaune a bakin gado sai na ga abin da na yi. Ashirin da uku can, ɗaya nan. Ba liman, ba tabarma, ni da hannuna na raba.

Na fita ba takalmi, da gwiwoyin nan nawa, ina ƙwala mata kira a titi kamar wadda aka yi wa sata. Mai adaidaitan da ya ɗauke ta ya tsaya. Na kwance igiyar da kaina na sa shi a farkon layi, na ce su tafi, kada ta waiwayo.

Kabad ɗin yana nan wayam, ban san abin da zan sa a ciki ba. Na yi zaton zan ji sauƙi, amma har yanzu gajiyar kawai nake ji, da kewarka, sabuwa fil kamar bana ka tafi.

Allah ya jiƙanka, Yaya Kyari. Allah ya jiƙan Inna da Baba da Yaya Modu da Yaya Falmata, ya yafe muku, ya haɗa ku wuri ɗaya. In tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, ya kawo ni inda kuke, kada ya raba mu.

Ƙanwarka,
Bintu
Potiskum