Ƙotar Gatarin Bryony

Ollerton, watan Nuwamba

Zuwa ga abokina Cyril,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, gwiwar nan taka kuma ta yi sauƙi. Yaya iskar bakin teku? Ina fatan ma'aikatan gidan tsofaffin ba su hana ka sukari a shayi ba, ko da yake tumbinka zai gode musu.

Ni lafiyata ƙalau, sai dai gidan ya yi mini girma. Tun rasuwar matata Doreen nake dafa shayin mutum biyu, in sha ɗaya in zubar da ɗaya.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Bryony, jikata, 'yar marigayi Colin. Mahaifiyarta Gillian ta kira ni ta ce ita da sabon mijinta za su koma Ostireliya da bazara, da yarinyar. Na ce Allah ya sanya alheri, na ajiye wayar, na daɗe a zaune. Ba na ganin laifinta, mace ce mai kirki, kuma ba za ta ƙare rayuwarta tana gadin kabarin ɗana ba. Amma Cyril, Bryony ce kaɗai ta rage mini.

Ka tuna ta a bikin daji, lokacin da muke sa korayen kaya muna wasan 'yan fashin dajin Sherwood, kai kana fitowa a limamin cocinsu mai tumbi, ba ka ma buƙatar cusa matashin kai a riga? An ba ta doguwar riga ta zama gimbiya, ta yi jifa da ita ta ce ita 'yar fashi ce, a ba ta baka. Ranar na gaya mata cewa mutanen nan da suka guje wa hakimin birni suka shige daji, ba baka ne ya raya su ba, gatari ne, domin wanda bai iya faskare ba hunturun farko zai kashe shi. Na yi mata alkawarin ƙaramin gatari nata na kanta idan hannunta ya yi ƙwari. Rabona da ita ya kusa shekara uku. Gillian ta ce za ta kawo ta mu yi sallama kafin su tashi, ni kuwa ina so ta tafi da gatarin nan.

Ka rubuto, ko da zagi ne.

Naka,
Arnold

Ollerton, watan Fabrairu

Cyril mutumina,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, wasiƙarka ta iso, na kuma ga inda ka ce in saya mata na roba. Allah ya shirye ka.

Na zaga shagunan Mansfield, duk abin da suka nuna mini ko dai ya yi nauyi, ko kuma wasan yara ne da aka shafa wa jan fenti. Wani ya ce in ɗauki marar kaifi don kada ta yanke. Na ce masa dakusasshen gatari shi ke zamewa daga itace ya sami ƙafa, mai kaifi kuwa inda aka aike shi yake zuwa. A ƙarshe a kasuwar tsofaffin kaya na sami ruwan gatari ba ƙota, ya yi tsatsa amma ƙarfen na kirki ne, nauyinsa bai wuce na butar shayi ba. Na kankare shi, na wasa shi har yana aske gashin hannuna.

Ƙotar da kaina na sassaƙa, da reshen bishiyar ash da iska ta karya a bayan tsohuwar bishiyar nan da ake cewa 'yan fashin suna ɓuya a kogonta. Ka san yadda iyayenmu suke auna wa yaro, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsu. To, babu hannun a kusa. Sai na tuna rigar ruwanta mai ruwan ɗorawa da ta manta a bayan ƙofa, na shimfiɗa ta a tebur na auna da hannun rigar. Kullum da hantsi ina zama bakin taga ina goge ƙotar da mai, ina yi wa rigar hira kamar wani taɓaɓɓe. Kada ka gaya wa kowa.

Tsorona ɗaya ne, kada ta zo ta tarar da wani tsoho da tatsuniyoyinsa, ta yi mini murmushin ladabi irin wanda ake yi wa baƙo.

A gaida mai ɗakin kusa da naka da kake ta yabo.

Abokinka,
Arnold

Ollerton, watan Afrilu

Cyril,

Ina gaishe ka, ina kuma fatan tarin ya tafi. Sun zo ranar Asabar, sun tafi.

Da ta fito daga mota ban gane ta ba. Tsayinta ya kai kafaɗata. Na miƙa mata gatarin, ta ɗora ƙotar a hannunta kamar yadda na taɓa koya mata, ba ta ko kai tsakiyar tafinta ba. Wai ni da na yi rayuwata ina kallon bishiya tana girma, na manta cewa riga ba ta girma a bayan ƙofa. Kunya ta rufe ni. Ita kuwa ta kwashe da dariya ta ce, "Kaka, wa ka auna, kyanwa?" Dariyar Colin ce sak, sai da na juya baya ina neman abin da ban ajiye ba.

Duk da haka ta ja ni bayan gida. Ta durƙusa gaban kututturen da nake faskare a kai ba tare da na tuna mata ba, ta faskara mini ƙirare har kwandon ya cika, tana yi tana tambayata ko 'yan fashin sun taɓa wanzuwa da gaske. Na ce ban sani ba. Ta ce ita ta sani, ta ga biyu da idonta, ɗaya ma mai tumbi ne. Ta ce in gaishe ka.

Muna shan shayi Gillian ta gaya mini, cikin jin nauyi, cewa an gargaɗe su kada su je Ostireliya da ɗanyen itacen daji, za a iya ƙwace shi a bakin shiga a ƙona. Ƙarfen zai wuce a cikin akwati, ƙotar ce ba tabbas. Bryony ta juya gatarin a hannunta ta ce, "To a cire mana. Ai can ma akwai bishiya. Zan sassaƙa wadda ta yi mini daidai, kai sai ka riƙa gaya mini inda na ɓata."

Ni da hannuna na sa shi a matsi, na fitar da tsinken da na danne kan da shi, na buge ƙotar da na yi hunturu guda ina gyarawa. Ba ta fita da sauƙi ba, na yi aikin da kyau. Yarinyar ta naɗe ƙarfen a safarta, ta rungume ni har ƙashina ya yi ƙara, motar ta sha kwana.

Na san ya kamata in yi murna, kuma ina yi. Amma kaɗaici ya dame ni, Cyril, fiye da kowane lokaci. Ƙotar tana nan kan tebur, da shatin yatsunta na datti a jiki, ban goge ba. Ta yi wa kowa gajarta, ba ta da amfanin komai, kuma wutata ta mutu sau biyu a makon nan ban iya jefa ta ciki ba.

Idan akwai motar haya da ke zuwa wajenku ranar Lahadi, ka gaya mini. Ba ni da abin kawo maka, zama kawai nake so mu yi.

Ka huta lafiya.

Naka har kullum,
Arnold