Man Gyaɗa a Ƙafar Wando

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Daga Illela, zuwa ga mahaifiyata Inna, wadda ke kwance a Tungar Bado, bayan tafkin Kalmalo. Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan Allah Ya sa kina cikin sauƙi.

Bayan haka, Inna, an karɓe limancin masallacin Baba daga hannuna. Na fi son ki ji daga bakina kafin masu tsegumi su riga ni isowa can. Takardar ga kuwa ba ɓoye ta nake ba. A zaure nake rubuta ta, duk wanda ya iya ajami ya matso ya karanta, in ya ga dama ya kai wa Baffa Sambo da zafinta.

Laifina keke.

Ba ki san shi ba, don bayan tafiyarki ya yawaita a garin ga. Ƙarfe ne mai ƙafa biyu zagayayyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ba ya cin dusa, ba ya harbi. Nasara suka kawo shi, masinjojinsu ke hawa. Nawa hannun wani falke mai kai fatu Kano na samo, na ba shi jakin Baba da ɗan abin da ya sawwaƙa.

Kin san dalili. Da ciwo ya tsananta kika ce a kai ki Tunga, wurin ƙanwarki Hajo. Ranar da kika cika, ɗan aike ya zo a ƙafa, ni kuma na hau jakin nan, shi ko ya ce sai yadda ya ga dama. Na iske an rufe ki, ana yayyafa wa ƙasa ruwa. Matar malam, uwar malam, amma wanda ya sallace ki wani tsohon masunci ne da kabbarori suka rikice masa. Shi da kansa ya gaya mini yana hawaye. Ban ga laifinsa ba.

Ke kika sha faɗa kina tankaɗe: “Mutanenmu na Tunga Musulmi ne, malam ne bai san hanyarsu ba.”

To, yanzu malam ya sani, har kowace ƙayar hanyar ta san shi.

Wayyo Inna, da kin ga hanyar garinku daga kan sirdi! In na fita da hantsi bayan ruwa ya ɗauke, ƙasa ta yi tauri, keke sai ya yi ta gudu ba a roƙe shi ba. Tudu kaɗan, gangara kaɗan. A tudun sai na miƙe tsaye ina taka shi ina haki, a gangara in saki ƙafa, iska ta cika mini riga. Kowane kwari da tafkinsa, bado ya rufe ruwan, balbelu sun bi shanun Fulani zuwa mashaya. Daga nan in shiga kurmin bagaruwa, inuwa ta sauko mini, birai su watse suna zagina. In na fito sai Kalmalo gaba ɗaya a gabana, masunta kwance kan gorunansu tsakiyar ruwa. Akwai wurin da rairayi ke kama ƙafa, dole in sauka in tura. Can ne kike tsayawa ki sauke kaya ki kwance mini ƙuli-ƙuli daga bakin zane. Ban taɓa wuce wurin ban ji zuciyata ta karye ba.

Da farko mata in sun hango ni sai su zubar da tulu su shige gero. Yanzu su ke tare ni a hanya: suna a Araba, gawa a Gidan Katta, ɗaurin aure a Tunga. In je in dawo ban rasa azahar ba.

Sai man sarƙa ya fara baƙanta mini ƙafar wando. Baffa Sambo, ƙanen Baba, ya tsura wa tabon ido bayan sallah ya ce: “Mi na wanga? Ka san da mi Nasara ke haɗa mai nasu? Kitsen alade!” Kafin la’asar maganar ta kai kasuwa. Wasu suka fara rama sallolin da suka yi a bayana.

Ban yi gardama ba, don ni ma ban san abin da ke cikin gwangwanin man ba. Na jefar da shi. Na cire sarƙar na dafa ta da toka, na wanke ta a tafki har ta yi fari. Surukarki A’i ta matsa mini man gyaɗa da hannunta, shi nake ɗiga wa sarƙar. Yanzu kekena ƙamshin ƙosai yake, awaki na lasarsa, cinnaku sun mai da shi gida. Na kai wa Baffa ya sunsuna.

Ya sunsuna, ya kau da kai. Sai ya ce ai ƙararrawar irin ta majami’a ce. Na cire ƙararrawa. Sai ya ce liman ba ya tattare riga ya bar ƙwauri a waje yana wutsil-wutsil cikin gari. A nan na gane ba mai ba ne, ba ƙararrawa ba ce. Kayan Nasara ne ba ya so a gani a ƙofar masallacin yayansa.

Haba Inna, ni za a koya wa ƙin Nasara? Ni da na ga an kwashe mazan unguwarmu ana cikin shuka an kai su aikin hanya? Amma allurar da aka ɗinka rigar Baffa daga ina take? Farin yadin rawaninsa a wane kanti aka yanko? Wannan a cikina na bar shi, don kin hana ni mai da wa babba magana. Yau dai ga shi na rubuta.

Ranar Juma’a ya tara dattawa ya yanke: in na sake ɗora ƙafa kan keke, kada in sake tsayawa gaban mutane.

Ranar Talata da safe aka aiko Hajo ta rasu.

Wallahi na tsaya a tsakar gida ina tunanin limancin. Wurin Baba ne, Inna. Tabarmarsa ce. Tun ina ƙarami nake kallon bayansa a kanta. Amma na fito da keken. Baffa na zaune ƙofar zaurensa da dattawa. Na sauka, na cire takalmi, na durƙusa na gaishe su, na faɗa musu rasuwar. Sannan na miƙe, na tattare riga, na hau a gaban idonsu.

Na iske ana cikin haƙa. Ni na koya wa matan yadda za su yi mata sutura, ni na sallace ta, kabbara cikakkiya, addu’a cikakkiya. Tana nan dama da ke, kin yi maƙwabciya.

Na dawo ana kiran la’asar. Baffa na tsaye kan tabarmar Baba. Na jingina keke a bangon masallaci, na yi alwala, na shiga sahun baya. Na dama ya matsa, na hagu ya matsa, aka bar ni tsakiya kamar mai agana. Ba zan ɓoye miki ba, idona ya cika.

Sai Baffa ya juyo, yadda kowane liman ke yi kafin kabbara, don ya duba sahu. Ya ga ɓarakar. Ya gan ni. Ya daɗe yana kallo har wani ya yi gyaran murya. Shi malami ne, ya san sallah ba ta kyau da sahu a yage, ya kuma san na san ya sani. A ƙarshe ya ce: “Ku toshe. Kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa.” Suka matso, ba don suna so ba. Fararen wandunansu suka manne da nawa har aka sallame.

Limanci ya tafi, ba kuma zan je roƙo ba. A bayan Baffa zan yi ta sallah, amin ɗina zai fi na kowa ƙarfi, kowace rana kuma da bakinsa zai ce su matso kusa da ni.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka makwancinki, ke da Hajo da Baba. Allah Ya ba Baffa tsawon rai da ƙarfin murya. Ni kuma Ya bar mini gwiwoyina. Amin.

Ni ne ɗanki Usmanu, na sahun baya.