Na Sa Wuƙa a Sirdin Kwale-kwalenka

Zuwa ga ƙanena Batwala,

Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka Tibaga, da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare mana kai a ƙasar Larabawan nan mai zafi, ya sa ka gama aikin gadinka ka dawo mana da ƙafafunka. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Mahaifiyarmu Maama ta warware daga ciwon bayan nan, har ta koma gonar dankalinta tana yi wa kowa faɗa. Ruwan sama ya zo a kan kari, ayaba ta yi kyau, akuyar nan taka mai satar rogo ta haifi biyu. Ni ma ina nan bakin kasuwa da murhuna ina liƙin jarka da baho, ba yabo ba fallasa.

Za ka ce me ya hana ni kiran waya. To, a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, tun kana yaro haka kake, shi ya sa na ɗauki biro. Ka zauna ka karanta har ƙasa kafin ka fara huci. Na sauke kwale-kwalenka daga rufin ɗaki, wanda ka ce kada kowa ya taɓa, kuma na sa wuƙa na yanka sirdinsa, soson nan da ake zama a kai. Na yi ne saboda 'yarka Naigaga, wadda ka ce ko ƙafarta ba ka yarda ta sa a kogi ba. Yanzu ta sami aiki a ruwa, amma ta rantse ba za ta fara ba sai ka ce to, masu aikin kuwa ƙarshen wata kaɗai za su jira ta.

Ɗinkin da ka sa ta koya ta iya shi, sai dai teloli sun fi masu yadi yawa a layinmu. Shekara biyu ke nan tana bin tsohon abokin tuƙinka Kirunda yana ara mata jirginsa. Na sani tun farko na yi shiru, ni ce gwaggonta, in da laifi nawa ne. Sai ga masu yawo da baƙi a manyan jiragen roba suna neman mai ceto, irin aikin da ka yi shekara goma sha ɗaya, ka bi su a ƙaramin kwale-kwale kana tsamo duk wanda ya faɗa. Sharaɗinsu ɗaya, kowa ya zo gwaji da jirginsa.

Wallahi ba naka muka fara nufa ba. Sati biyu muna yawon duba na hannu a Jinja, ni da ita da Kirunda. Na farko dogo ne, ja wur, gwanin sha'awa. Kirunda ya taɓe baki ya ce wannan na masu shan iska a tafki ne, kafin ya juya dutse ya gama da shi, a nemo gajere mai lanƙwasa gaba da baya kamar ayaba. Na biyu gajeren ne, yarinya har ta fara shafa shi tana murmushi. Ni ban san ruwa ba, ko na baho ban cika yarda da shi ba, amma roba na san ta. Na danna gindinsa da babban yatsa na ji ƙas-ƙas, na kankare kaɗan sai ga farin gari. Rana ta cinye shi. Mai jirgin yana ta ce mini haba uwata, fenti kawai yake so. Na ce masa ai ko ni in an shafa mini fenti zan yi kyau, amma ba zan koma budurwa ba. A hanyar dawowa ne Kirunda ya ce mu daina wahalar da kanmu, jirgin da ya fi kowanne a yankin nan yana rataye a gidanmu, ɓeraye suna haihuwa a ciki.

Inuwa ta yi masa rana, robarsa tana nan da ranta. Amma ɓerayen sun cinye jakunkunan iskan nan na gaba da baya, ga kuma tsaga tsawon tafin hannu a ƙarƙashin wurin zama. Liƙin da ka yi da kanka ka ɓoye mini, na gan shi. Kai Batwala, wa ya ce maka robar baho tana kama robar jirgi? Kana da yaya mai liƙi a gida ka je kana wannan abin kunya! Da farce na ɓare shi. Na gasa ƙusa na huda bakin tsagar nan biyu don kada ta ci gaba, na yanko zirin jarka, na sa tsohuwar addata a wuta, na bi shi ciki da waje a hankali, kwana biyu ina abu ɗaya. A madadin jakunkunan muka sa tiyub ɗin babbar mota, Kirunda ya saƙa musu ragar igiya, ko jirgin ya cika da ruwa ba zai nutse ba.

Sirdin ne ya tsaya mana. Ka fi ni sanin yadda ka sassaƙa wannan soson mai tauri daidai jikinka. Da Naigaga ta durƙusa a kai, gwiwoyinta ba su kai ƙasa ba, tana ta zamewa hagu da dama kamar gyaɗa a ƙwarya. Kirunda ya ce a haka igiyar ruwa ta farko za ta tofar da ita, dole a rage tsayi yatsa uku, a matse gefe. Irin wannan soson kuwa ba a samunsa a nan, in an yanka an yanka. Yarinya ta riƙe mini hannu tana cewa Gwaggo don Allah bari, na Baba ne, in ya dawo ina zai zauna. Na ce mata ubanki ni na goya shi, sakar mini hannu. Ba zan ɓoye maka ba, da wuƙar ta shiga sai na tuna ranar da ka zauna a tsakar gida kana goge shi da magagari kana fito. Na dai yanka.

Sauran aikin daɗi ne. Matashin gwiwa da tsofaffin silifas muka yi shi, muka jera su hawa uku muka manne da gam, har yau Maama tana neman ƙafa ɗaya na nata, kada ka gaya mata. Maɗaurin cinya kuwa bel ɗin wata matacciyar tasi ne. Naigaga ta ja shi tam, wai haka ta ga kana yi. Kirunda ya kai ta inda ruwa yake kwance, ya ce ta ajiye filafili, ya kifar da ita, ni kuma ina baki ina ƙirga. Batwala, na kai goma sha huɗu yarinya ba ta fito ba. Na yi ihu, na shiga ruwa har gwiwa da zanena, ni da ba na shiga. Sai ga ta ta ɓullo tana tari. Nan ya zage ta tas, ya ce jirgin da ba ka iya fita daga cikinsa akwatin gawa ne. Aka sassauta, aka ɗinka madauki ja wanda hannu zai samu ko ido a rufe. Sau ashirin ya kifar da ita ranar, sai da ta koma fita kafin in ce uku.

Ranar gwaji na rufe murhu na tafi Itanda, babban gangaren ruwan nan, na hau dutse. Na gaya wa matan da ke wurin cewa liƙina na zo dubawa, ƙarya nake, ita na zo gani. A tsakiyar gangaren, inda ruwa yake tafasa fari fat, wani ƙaton baƙo ya faɗo daga babban jirgi. Kafin in ce wayyo ta isa gare shi. Shi kuma don ruɗewa, maimakon ya kama igiyar wutsiyar jirginta sai ya rungumi gefe, ya kifar da ita. Na rufe ido. Matan suka yi guɗa, na buɗe, sai na gan ta zaune daram, ta murɗo jirgin ta tashi da shi, ruwa yana zuba daga hular kwanonta. Ta daka wa mutumin tsawa har muna ji daga kan dutse, ya kama inda ya kamata, ta ja shi zuwa bayan wani dutse inda ruwa yake lafawa. Su biyar suka yi gwajin, ita aka ɗauka. Liƙin ma ko ɗigo bai yi ba, in kana son sani.

Kirunda ya gaya mini wani abu da yamma, muna cin gasasshen rogo. Ya ce lokacin da ta tashi da jirgin yana bayanta, da ya ga yadda ta kwantar da kafaɗa ta soka filafili, sai ya ji bakinsa yana ihu, yauwa Batwala, haka! Ya ce sai da ya faɗa ya tuna kana can kana gadin ƙofar wasu. Tsohon nan har da share ido, wai hayaƙi ne.

Na san abin da kake tsoro, ka tsamo masu rai a kogin nan, ka tsamo waɗanda ba su da shi. Ni ma ina tsoro, kuma ba zan daina ba. Amma ban taɓa ganin yarinyar nan da farin ciki irin na ranar ba. Da muka dawo gida ta wanke jirgin, ta shanya shi a inuwa, ta mayar da shi rufin ɗaki da hannunta, tun ranar ba ta sake sauke shi ba. Ta ce in gaya maka in ka ce a'a ta haƙura, za ta koma kan keken ɗinki, ba za ka ji bakinta ba. Na isar da saƙonta. Ni kam ban haƙura ba.

Maama tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Matarka Namulondo tana gaishe ka, ta ce ita ba ruwanta, amma ita ta ɗinka madaukin nan ja. Kirunda da iyalinsa suna gaisuwa, haka kawu Balikowa. Ka gaishe mana da 'yan garinmu da kuke ɗaki ɗaya. In za ka yi faɗa ka kira ni, ni na riƙe wuƙar, zan saurare ka har ka gaji. Amma amsar ita za ka kira ka ba, kafin ranar talatin. Kullum da safe sai na ga ta duba wayarta kafin ta wanke fuska.

Taka har kullum,
Yayarka Tibaga