Maganar Rushe Ɗakin Karatun Baba

Tudun Wada, Zariya,
17 ga Satumba, 2023.

Zuwa ga Yaya Sharfaddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Rauda da yara. Allah Ya sa albarka a aikin da ya zaunar da kai Fatakwal, Ya tsare mana ku. Mu nan sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har tana zuwa islamiyya da kanta, sai dai ta ƙi riƙe sandar da ka aiko, wai ba ta kai nan ba tukuna.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali muna gaisawa a waya. Sau uku ina kiran ka don in faɗa maka wata magana, sai in ƙare da tambayar makarantar yara. Shi ya sa da na ji Gwadabe direba zai sauko da lodin albasa, na ce gara in rubuta in ba shi ya kawo maka.

Maganar ɗakin karatun hukuma ce, wanda Baba ya riƙe shekara ashirin da takwas. Tun rasuwarsa yake a kulle. Iskar bara ta yaye rabin kwanon, jemagu sun cika silin, awaki ne ke kwana a barandar. Duk da haka ban taɓa wucewa ta wurin ban rage tafiya ba. Ina tuna mu da langar tuwonsa da azahar, kai ka riƙe miya ni na riƙe buta, ya tsayar da mu a bakin ƙofa yana duba tafin hannunmu kafin ya bari mu taɓa littafi. Ina tuna korayen tagogin katakon nan, da yadda kake ɗora ni a kan dakalin ciki kana karanta mini labari kana canza murya har Baba ya yi mana gyaran murya daga teburinsa. Har yau idan na buɗe tsohon littafi na ji ƙanshin takarda, sai in ji kamar zan ɗaga kai in gan shi.

A watan Yuli hukuma ta sanar cewa za ta rushe ginin ta yi ƙaramin asibitin haihuwa a wurin. Unguwa ta rabu biyu. Baba Kato, aminin Baba, tsohon hedimastan nan, ya bi gida-gida da takarda yana neman sa hannu. Cewa yake ginin ya girmi 'yancin ƙasa, a nan Musulmi da Kirista suka zauna benci ɗaya suna jiran jarida ɗaya, gyara yake buƙata ba rusau ba. Sista Suzana ungozoma kuma ta tara mata, ta ce an auna an duba, babu wani fili da ya rage a unguwar, kuma ta gaji da karɓar haihuwa a bayan keke mai ƙafa uku a hanyar asibiti.

Yaya, ka san ni ma abin da ya same ni ke nan shekara biyu da suka wuce, ranar da ruwa ya cinye hanya, muka yi awa biyu a cunkoso ina naƙuda, muka isa asibiti 'yar ba rai. Ba na yawan tayar da zancen, amma bai bar ni ba.

Asabar ɗin da ta wuce mai unguwa ya kira taro a filin firamare bayan la'asar. Baba Kato ya yi magana, sannan ya nuno ni, ya ce ga 'yar Malam Nagoda nan, ta faɗi ra'ayin gidansu. Wallahi na miƙe ne da niyyar goya masa baya. Sai idona ya faɗa kan Larai maƙwabciyarmu, tana zaune a tabarma da cikin wata takwas tana fifita da bakin mayafi. Ban san lokacin da na ce a rushe ba. Na ce Baba ya tsare wurin ne don mutanen unguwa, kuma yau abin da mutanen unguwa ke nema ke nan. Baba Kato ya cire tabarau, ya ninke takardarsa, ya tafi bai jira addu'a ba. An tsayar da cewa da zarar ruwa ya ɗauke, cikin Nuwamba, za a kawo katafila.

Washegari bayan Baba Kato ya dawo daga coci na je gaishe shi. Ya ce bai yi fushi ba, wataƙila ma ni ce da gaskiya, amma in an rushe ba shi da sauran wurin da zai zauna a Tudun Wada ya ji kamar abokinsa ya ɗan fita ne zai dawo. Sai na fashe da kuka. Inna kuwa da na ba ta labari cewa ta yi da Baba na nan zai yi mako guda yana gardama, sannan ya fi kowa ɗaukar bulo.

Na yi magana da sunan gida ban shawarce ka ba, kai ne babba. Ka yafe mini. In ka ga na yi kuskure ka faɗa mini, zan ji, ko da yake ba na jin zan janye. Roƙona ɗaya ne, ka nemi hutu ka zo kafin Nuwamba. Shekara huɗu rabonka da gida. Mai unguwa ya ce zai ba mu mabuɗi mu kwashe littattafan da ruwa bai taɓa ba. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofar ina juyowa. Ba zan iya shiga ni kaɗai ba, kuma ba na so in shiga da kowa sai kai.

Inna na gaishe ka, ta ce ka ci dakkuwar da ke cikin ledar da Gwadabe zai ba ka kafin yara su gani. Maigidana Malam Suhaibu na gaisuwa, haka Goggo Naja'atu ta Hanwa. Ka gaishe mini da Anti Rauda, ka shafa mini kan Mujahid da Fiddausi. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai kewarka,
Ishatu Nagoda.