Randar Malam Labaran

Sabon Gari, Wudil
Agusta, 2003

Zuwa ga matata Saudatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Yaya ƙafar, ta sace?

Ina cikin damuwa. Kin san Malam Labaran, wanda ya riƙe ni tun ina ɗalibi, ya kawo ni jami'ar nan bayan saukar sojoji. Shekara da shekaru yana fama da kwalbar gwajinsa, wai in aka sa mata lantarki tana fitar da zafi fiye da wanda aka ba ta. Bana ma'auni ya nuna haka. Ya yi kuka, Saudatu. Ya ce in sake awon in sa hannu a takardarsa kafin ya kai ta taron masana.

Da yake wuta ba ta zama, a cikin ruwan randa yake tsoma kwalbar don ya riƙe mata sanyi. Da rani ya daidaita ma'auninsa, lokacin da ruwan randa ke kashe haƙori, gwajin kuwa da damina ya yi. Jiya na sha ruwan randarmu na ji shi ɗumi-ɗumi, sai na fara zargin awon. Yau na tsoma wata kwalba da ba komai cikinta sai ruwa da wayar ɗumamawa. Ita ma ta ba da rarar zafin nan, daidai wa daida. Ashe ɗumin ruwan randar ne ya ruɗi ma'aunin.

Ba zan sa hannu ba. Amma da wane baki zan gaya masa? Ki taya ni addu'a.

Mijinki,
Garzali

Nuwamba, 2003

Saudatu,

Ina gaishe ki da jego. Yaya jaririnmu, ƙaramin Malam, yana shan nono?

Na gaya wa Malam Labaran, mu biyu kaɗai. Ya maimaita awon da hannunsa, ya ga abin da na gani, ya janye takardarsa. Bai zage ni ba, wallahi da zagin ya fi mini sauƙi. Ya daina shiga ɗakin gwaji, ya rame, in na gaishe shi sai ya dubi ƙasa.

Na kai masa goron suna da kaina, na bar wa iyalinsa saƙon cewa sunansa yaron ya ci. Washegari aka dawo mini da goron, ko ƙullin ba a kwance ba.

Randar Malam tana bakin ƙofar ɗakin gwaji yanzu, masu wucewa na sha. Rani ya shigo, ruwan ya yi sanyi ƙarara. Ni dai na kasa sha.

Ki shafa mini kan Labaran.

Naki har kullum,
Garzali