Kemistiri Sau Biyu

Toledo, Mayu 1998

Assalamu alaikum yayata, Baji Tehmina,

Ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Kamran bhai da zafin Houston ɗinku. Iyayenmu, Ammi da Abbu, suna gaishe ku. Takarda na zaɓa saboda wayar gidan nan a kicin take, kuma kin san Ammi, hannunta na kan albasa, kunnenta na kan bakina. Ke kuma kullum aka buga sai a ce kina asibiti.

To, na gama digiri, amma makin ba na nuna wa mutane ba ne. Shekarar da ɓarin jikin Abbu ya shanye na kwaso D a kemistiri da C a fizis, su suka ja komai ƙasa. Da wannan sakamakon ko mai gadin makarantar likitanci ba zai buɗe mini ƙofa ba. Sai na yi karatun gyaran maki tukuna, kuma hanya biyu ce a gabana. Wata jami'a a Philadelphia ta ba ni gurbi a shirinta na shekara guda: manyan kwasa-kwasai sababbi, idan mutum ya yi ƙoƙari su da kansu suke gabatar da shi ga makarantun likitanci. Ko kuma in zauna a gida in maimaita waɗanda suka kayar da ni, a ƙaramar kwalejin garin nan, ajin yamma.

Zuciyata tana Philadelphia, ba zan ɓoye miki ba. Amma ke ce likitar gidan, har kin taɓa zama cikin masu tantance ɗalibai a shekararki ta ƙarshe a makarantar likitanci. Abin da kika ce shi zan yi. Suna jiran amsa kafin ƙarshen wata.

Abbu ya fara riƙe cokali da hagu. Jiya ya ce mini, "Dakta sahiba, miƙo gishirin nan." Na ce, "Abbu, likita ta hana." Ya ce, "Waccan ta Houston ce ta hana. Ke da ba ki da lasisi, miƙo kawai."

Ki gaida Kamran bhai. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai damunki,
Uzma

Houston, Mayu 1998

Wa alaikumus salam Uzma,

Na sami wasiƙarki, muna lafiya. Ki yi haƙuri da gajarta, a tsaye nake rubutu.

Ki manta da Philadelphia. Irin waɗannan shirye-shiryen suna ne kawai, kuma idan manyan kwasa-kwasan suka kayar da ke, shi ke nan an rufe littafinki. Ki maimaita kemistiri da fizis a gida. Duk kwas ɗin da aka maimaita, sabon maki yana goge tsohon, D ɗin nan za ta ɓace kamar ba a yi ta ba. Kada ki ɓata lokaci wajen masu ba ɗalibai shawara, rabinsu ko baƙunta ba su taɓa kai wa makarantar likitanci ba.

Gishirin Abbu ba abin wasa ba ne. Ki ɓoye shi.

Ki gaida Ammi da Abbu. Allah ya kiyaye.

Yayarki,
Tehmina

Toledo, Janairu 1999

Assalamu alaikum Baji,

Ina gaisuwa, ina kuma neman goron albishir: A na samu a kemistiri! Fizis ma ya kusa durƙusawa. Ammi ta raba kayan zaƙin nan nata, gulab jamun, har gidan maƙwabtan da ba ma gaisawa da su.

Ranar da na aika wa Philadelphia cewa ba zan zo ba, sai da na zauna a mota na yi kuka na ƙoshi. Yanzu kuwa ina cewa Allah ya yi wa Baji albarka. Da safe in kai Abbu wajen gashin jiki, in dawo in kwashe ƙanƙarar ƙofar gida, in raka Ammi kantin halal tana yi wa mahauci faɗa da Urdu ina fassara masa da Turanci cikin ladabi, da yamma in tafi aji. Abbu yana takawa da sanda har bakin akwatin wasiƙu. Shi ne ma zai jefa wannan.

A gaida Kamran bhai. Sai na ji daga gare ki.

Ƙanwarki,
Uzma

Toledo, Yuni 1999

Salam Baji,

Ina fatan kina lafiya. Ni dai ba lafiya nake ba, kuma ki karanta wannan a zaune.

Shekaranjiya na ɗauki takarduna na je wurin Misis Nowak, mai ba ɗalibai shawara a tsohuwar jami'ata, don ta duba mini kafin in tura neman gurbi. Na shiga ina tafiya kamar an riga an rataya mini abin awon ƙirji. Ta duba, ta sake dubawa, ta cire tabarau ta ce, "'Yata, wa ya ce miki sabon maki yana goge tsoho?"

Na ce, "Yayata. Likita ce."

Ta ce, "A takardar wasu kwalejojin, haka ne. Makarantun likitanci kuwa duka biyun suke ƙirgawa, D ɗinki tana nan zaune daram. Kuma A a kwas ɗin da kika taɓa yi ba ta burge su. So suke su ga kin ɗauki sabon kaya mai nauyi kin kai shi."

Ta buga lissafi ta juyo mini da shi. Baji, makina da ƙyar ya motsa. Da na ambaci gurbin Philadelphia sai ta dafe goshi ta ce, "Kin samu kika bari?" Na buga musu daga ofishinta. Suka ce ba a ajiye wa kowa kujera, sai dai in sake nema kamar kowa.

Duk da haka, a hanya kare ki nake yi. Na ce Baji ta manta ne, aiki ya yi mata yawa, ƙila dokar ce ta canza. Na iso gida na tarar da Ammi tana murza ƙullun gurasar roti, na faɗa mata shekarata ta tafi a banza. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Banza kamar yaya, beti, 'yata? Ga ubanki yana tafiya da ƙafarsa. Ai bara da na ga takardar Philadelphia ɗin nan kuka na yi wa Tehmina a waya. Ta ce, 'Ammi, ki share hawayenki, ki bar ni da ita, babu inda za ta.' Allah ya yi mata albarka, ta cika alkawari."

Na tsaya riƙe da mabuɗin mota ina kallon bayan kanta. Ita har ga Allah yabonki take yi.

Ba sau ɗaya na tambayi kaina ba, yanzu ke nake tambaya. Kin sani, ko ba ki sani ba? Ba na son bayani irin na likitoci. Kin cuce ni, Baji, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne da hannuna na kawo miki kaina.

Wassalam,
Uzma

Houston, Yuli 1999

Wa alaikumus salam Uzma,

Na karanta a zaune, kamar yadda kika ce.

Na sani. Ba zan ƙara miki ƙarya a kan ƙarya ba.

Amma ki saurara. Ammi ba ta tuƙi, ba ta iya magana da likitocin Abbu. Ni idan na bar horon ƙwarewar da nake yi a asibiti a tsakiya, shekarun da na zuba sun zube. Abin da ya rage shi ne gidan kula da tsofaffi, kuma ni na ga yadda masu ciwon Abbu suke komawa a can. Da bai kai bazara ba. Ki ƙara da abin da matan masallaci za su yi da sunanmu: 'ya'ya mata biyu, ɗaya ma likita, sun kai ubansu ajiya.

Shekara ɗaya ce, Uzma. Ke yarinya ce. Ki sake nema, zan yi magana da waɗanda na sani, kuma A ɗin ba za su cutar da ke ba.

Kina kirana macuciya. To ki gaya mini gaskiya: da na fito fili na ce ki bar Philadelphia ki zauna saboda Abbu, da za ki zauna?

Ki gaida su. Allah ya huci zuciyarki.

Yayarki har kullum,
Tehmina

Toledo, Yuli 1999

Salam Baji,

Kowa lafiya. Na sake neman Philadelphia, ban san abin da za su ce ba. Kada ki yi magana da kowa a kaina. Abbu bai san komai ba, kuma ba daga bakina zai ji ba.

Kin yi tambaya, ga amsa. Da na zauna. Da na yi kuka, da na zage ki a zuci, amma da na zauna, kuma da shekarar nan tawa ce na miƙa wa Abbu da hannuna. Yanzu shekara guda na yi ina ɗaga mahaifina ina kwantar da shi, a zatona makina nake gyarawa. Ko ladan ban san na wane ne ba.

Allah ya kiyaye.

Uzma