Hajiya Filta Ta Riga Amarya Saka Leshi

Aboabo, Tamale

Yaya Sidiki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da sanyi, da haƙurin zama a ƙasar mutane. Mma tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi. Da hannu na rubuta zan ɗauki hotonta in tura maka, don in na kira ka kuka zan yi ta yi, ba abin da za ka ji.

Ƙaninka Jamaldeen ya kashe mini shago.

Ka san Hajiya Safiatu ta Zogbeli, wadda yawancin matan da nake wa ɗinki ta hannunta suka zo. Ƙarshen watan nan za ta aurar da 'yarta Zuleiha. Ta kawo mini leshin da amarya za ta saka ranar fita, ruwan zuma da duwatsu kore, daga Lome aka zo da shi, ta ce ko uban yarinyar bai gani ba. Ka san matan garin nan, kayan amarya ba a ganinsu sai ranar. Sai na sallami 'yan koyo na rufe ƙofa kafin na sa masa almakashi. Ragowar na zuba a buhun ƙyalle kamar kullum, buhun da Jamaldeen ke zuwa ya kwasa yana yi wa 'yan tsanarku riguna.

Ranar Juma'a ya saki sabon kashin wasanku, Mutanen Laka. Ga Hajiya Filta, 'yar tsanar nan taka mai ɗaga waya tana ɗaukar kanta hoto, sanye da leshin amarya daga sama har ƙasa. Ta shiga biki ba gayyata, rana ta narkar mata da fuska, ta faɗa tukunyar miya tana ihu da muryarka. Kuma Zuleiha ma ba ta rabuwa da waya, tana ɗora hotunanta. Kowa ya ce da ita ake.

Washegari Hajiya Safiatu ta sauka a yelo-yelo, babur ɗin hayar nan mai ƙafa uku, a ƙofar shago. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Barikisu, miƙo mini kayana." Na ce, "Hajiya, ko hannun rigar ban haɗa ba." Ta ce, "Haka nake so." Kafin la'asar Azeta ta aiko a karɓi nata, Shahida ma haka. Yanzu keken ɗinkin a rufe yake, ni da 'yan koyo muna zaune muna kallon titi.

Na yi wa Jamaldeen magana, ya ce in duba yawan mutanen da suka kalla. Kai ne babba, ka yi masa magana.

Allah ya tsare ka a inda kake.
Ƙanwarka, Barikisu

*

Brescia, Italiya

Jamaldeen,

Bayan sallama da fatan kana lafiya, duk da ban ga alamar wani abu na damunka ba.

Na kalli kashin a wurin aiki, lokacin hutun cin abinci, ina tsaye a bayan ɗakin sanyi da safar hannun yankan kaji ba a cire ba. Gaskiya dai zan faɗa, aikin ya yi kyau. Narkewar fuskar nan na san abin da ta ci: ka matsa lakar kaɗan, ka ɗauki hoto, ka sake matsawa, ka sake ɗauka, ga wutar Tamale da ke ɗaukewa a tsakiyar aiki hasken ya canja. Ko ni da na koya maka ba zan yi ta haka sumul ba. Na yi dariya, har wani ɗan Senegal da muke layi ɗaya ya leƙo. Bayan nan na karanta wasiƙar Barikisu, tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya. In na tashi aiki sai in wuce gida in yi ta zagaya tashar jirgi kamar mai jiran baƙo.

Kai a ina ka girma? A shagon ɗinki ka yi rarrafe. Ka san ƙyallen da ya ragu na tela ne, ba mai musu, amma sai bayan mai kaya ta saka kayanta jama'a sun gani. Shi ya sa da nake gida nake tono ƙasan buhu, inda tsofaffin suke. Kai ka ga abu yana ƙyalli a sama, ka sure. Leshi mai duwatsu, sabo fil, bai sa ka tambayi kanka na wace ce ba?

Mun yi wa mawaƙa masu sarƙar aro a wuya dariya. Mun yi wa fina-finan nan da mari ɗaya ke cin mako guda kafin ya sauka. Mun faɗa tun farko wasan ba na yara ba ne, na manya ne masu iya jin zafi su yi dariya. Amma dokar da muka sa ita ce ba ma taɓa mutumin da za mu iya haɗuwa da shi a kasuwar Aboabo. Hajiya Filta ba kowa ba ce, shi ya sa kowace mace ke ganin maƙwabciyarta a jikinta. Yanzu ka sa mata rigar mutum ɗaya, ta zama mutum ɗaya.

Ni na turo muryar, ban san me za ta saka ba. Ku kuna can kuna shan koko da ƙosai da safe, ni ina nan ina shiga banɗaki in rufe ƙofa in yi muryar mace, don kada abokan ɗakina su ce na zare. Ban taɓa ƙorafi ba. Wannan muryar kaɗai ce ta rage tawa da ke yawo a Tamale. Ba na so a ji ta ana zagin ƙanwata da ita.

Ka sauke kashin. Ka je ka ba Hajiya Safiatu haƙuri.

Ka gaida Mma.
Yayanka, Sidiki

*

Aboabo

Bra Sidiki,

Salam. Ya sanyi, ya kaji? Ka kwantar da hankalinka, kai kullum kamar an ce ga wuta. Na riga na gyara komai.

Sauke kashin ba zai yi amfani ba, mutane sun kwashe shi, yana yawo a wayoyi har Kumasi. Ba mu taɓa samun kallo irin wannan ba! Jiya a gidan mai wani ɗan moto ya gane ni, ya ce, "Kai ne mai laka?"

Ka ce in ba da haƙuri, to na bayar, kuma irin namu. Na yi sabon ɗan gajeren kashi. Hajiya Filta ta zo ƙofar gida, ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa, tana tafa hannu a hankali irin na matan Dagomba in suna gaida manya. Na yi mata goro na laka, ƙanana kamar ƙwayar wake, a ɗan faranti. Gwiwar ta wahalar da ni, wayar ƙarfen da ke ciki ta ƙi lanƙwasa, amma ka ga yadda ta fito! Na rubuta a ƙasa: Hajiya Safiatu, a yi haƙuri.

Leshin dai yana jikinta, don a jiki na ɗinke shi, in na farke zai tafi da kafaɗa. Ba murya na sake shi saboda sauri. Ka turo mini kuka mai kyau, irin mai jan majina, in ɗora a kai in sake saki.

Su Mujeeb, masu taya ni aiki, na gaishe ka.
Naka, Jamal

*

Brescia

Jamaldeen,

Wa alaikumus salam. Sanyi na nan, kaji na nan, sun fi ka hankali.

Na karanta wasiƙarka a cikin bas, na wuce inda zan sauka ban sani ba. Da, masu cewa da Zuleiha ake zato suke yi. Yanzu ka rubuta sunan uwarta da hannunka, ka sa 'yar tsana ta durƙusa mata cikin leshin 'yarta, da goron laka. Waɗanda ba su san leshin waye ba duk ka sanar da su. Kuma wai in turo kuka.

Na san ba mugunta ba ce. Na san ka, komai in bai bi ta gaban kyamara ba gani kake bai faru ba. Na kuma san ka daɗe kana jiran ranar da wani zai gane ka a gidan mai, ka sha zama a ɗaki mai zafi taga a rufe, kana motsa hannun laka, mutane na cewa ƙato da kai kana wasan yara. Ban raina wannan ba. Ni na gudu na bar shi, kai ka tsaya. Amma Barikisu ba ta shiga wasan nan ba, ƙyalle kawai ta ba mu, shekara da shekaru, ba ta taɓa tambayar me za mu yi da shi ba. A kan keken nan take ciyar da Mma a watannin da ni nake zaune ba aiki.

Ba zan turo kuka ba. Ba zan turo ko tari ba sai ka yi abin da ake yi. Na kira Kawu Afa Issahaku, na gaya masa komai, ya ce, "Wannan yaron da 'yan gumakansa." Ya yarda zai shige maka gaba. Ka sayi goro na gaske, wanda ake taunawa. Ka sa riga mai hannu. Ka bar wayarka a gida. Gwiwar da za ta lanƙwasa taka ce, kuma ba waya a cikinta.

In ka ga dama ka sa Mujeeb ya kwaikwayi muryata, na san yana iyawa, na sha jin yana yi a bayana. Ba ni da yadda zan hana ka daga nan. Daga nan ba abin da nake iya hanawa, wannan na daɗe da sani.

Allah ya shirye mu.
Sidiki

*

Aboabo, Tamale

Yaya Sidiki,

Assalamu alaikum, da fatan ka samu barci. Mma ta ce muryarka a waya kamar ta wanda ba ya ci.

Mun je. Ni da Kawu da Jamaldeen, bayan azahar. Ya sa riga mai hannu, goro a ƙunshe a ganye, sai zufa yake. Hajiya Safiatu ta bar mu a tsakar gida har inuwa ta matsa, sannan ta fito. Kawu ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi bayani. Jamaldeen ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara.

Hajiya ta dube shi ta ce, "Af, ashe kana da taka gwiwar? Na ɗauka sai an murɗa maka."

Ya ce, "Hajiya, na yi kuskure."

Ta ce, "Sau nawa?"

Ya ce, "Biyu."

Ta ce, "To ka iya lissafi. Wanda ke ihun a cikin tukunya fa, shi ne na Italiya? Ɗan da na goya ranar sunansa? Ya tafi Turai ya koyo muryar mata?" Matan gidan suka kwashe da dariya, har Kawu sai da ya rufe baki da rawani.

Amma da Zuleiha ta fito dariya ta tsaya. Ta rame, Yaya. Ta ce in ta fita titi 'yan moto na kiranta Filta, har ƙannen angon sun turo mata hoton tukunyar. Ta ce leshin ba za ta saka ba ko za a yanka ta, sun aika a kawo wani.

Hajiya ta karɓi goron. Ta ce ni ba ta ga laifina da yawa ba, sai sakaci, kuma ba wadda ta san jikin Zuleiha irina. Za ta kawo mini sabon, za ta gaya wa mata su dawo. Amma da sharaɗi. Ta ce muddin abin nan yana fitowa a waya, ko da wace riga, 'yarta za a gani. Sai a kawo mata 'yar tsanar har gida, a sa a hannunta, kuma kada a sake yin wata mai kama da ita ko mai muryarta. Abin da za ta yi da ita ba ta faɗa ba, amma na ga ta dubi turmi.

Jamaldeen ya ɗago ya ce, "Hajiya, ba tawa ba ce. Sauran duk ni na yi su. Wannan yayana ya gina ta kafin ya tafi, ba zan iya bayarwa ba sai ya ce." Hajiya ta ce, "To a tambaye shi. Biki dai ba ya jira."

Da muka iso gida ya ce mini ba zai sa Mujeeb ya kwaikwayi muryarka ba, bai taɓa niyya ba.

Yaya, ba zan roƙe ka ba. Na san in ta tafi ba ka da sauran abin da za ka riƙa turowa, na kuma san saboda ita kake kiranmu duk mako kana tambayar me ake yayi a gari. In ka ce a'a zan nemi ɗinkin kayan makaranta, ba zan mutu ba. Sai dai ka amsa da wuri.

Allah ya haɗa fuskokinmu.
Barikisu

*

Brescia

Jamaldeen,

Sallama. Na ji abin da ka faɗa a gaban Hajiya. Ka kyauta.

Ka kai mata. Yau, kada ka bari sai gobe, don gobe ban san abin da zan ce ba. Ka riƙe ta a ƙugu, wuyanta ba shi da ƙwari. Ka miƙa da hannu biyu, ka juyo ka fita, ba sai ka tsaya ka ga sauran ba. Ni ma kada a gaya mini.

Ka ce wa Barikisu ta sa wa keken mai.

Yayanka, Sidiki